Ganyen Shayin Matar Tsoho-Gaba

Wata biyar da rasuwar Tsoho-Gaba, Auta ta iso gidan da manyan jakunkuna biyu, babu komai a cikinsu. Ta dire su a tsakiyar falo, ta ce wa uwarta ta fara haɗa kaya.

"Kayan wa?" in ji Umma.

"Naki mana. Na gyara miki ɗaki a wurina, har labule na rataya. Umma, ba za ki iya zaman gidan nan ke kaɗai ba."

"In ji wa?"

"Yo sai wani ya faɗa? Yau in gishiri ya ƙare miki, ina za ki samo shi? Tunda kika haife ni ban taɓa ganin kin sayo ko ashana ba."

Umma ta buɗe baki za ta ƙaryata, sai ta fasa, don ba sharri aka yi mata ba. Auta ce ƙaramar 'ya'yanta biyar, ga ta da aurenta da aikinta a wani gari mai tafiyar awa shida, kuma tun tana ƙarama ba ta iya sakaya magana ba. Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Laifin kuwa duk na marigayin ne, Allah ya jiƙansa.

Shekara talatin da bakwai ya yi yana aiki a babban kantin kayan abinci na unguwar, irin wanda ake shiga da kwando mai taya, a zaga a ɗebi abin da ake so. Ya fara da sauke kwalaye daga mota yana saurayi siriri, ya gama yana mai kula da kantocin jera kaya gaba ɗaya, da furfura da ɗan tumbinsa. Manajoji tara suka zo suka tafi a kan idonsa. Kowanne ya zo da sabon tsari a takarda, kowanne ya samu "to, ranka ya daɗe" daga bakinsa, sannan ya juya ya ci gaba da yin yadda ya saba. Sunan ma a bakin aiki ya samo shi. In sabon kaya ya iso, ba ya yarda a cusa shi a gaba wai don an gaji. Sai an sauke na da, an kai sabon can ƙurya, an dawo da tsohon gaba don ya riga fita. "Tsoho gaba, sabo baya!" Haka yake faɗa sau ɗari a wuni, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane tun gemunsa na baƙi wuluk.

Da a kanti abin ya tsaya, ai da da sauƙi. Ina! Gida ma bai tsira ba. Wanka da safe, babba ne farko, a bi da bi har ƙasa, shi ya sa Auta ta girma da ruwan da ya huce, kuma har yau ba ta yafe ba. Takalma a bakin ƙofa dole su kalli waje, kamar masu jiran mota. Gwangwanin da ya juya wa mutum baya kuwa, abokin gabarsa ne. Ya taɓa zuwa gaida surukarsa, aka bar shi minti biyar a zaune, kafin a kawo masa ruwa ya shige kicin ɗin tsohuwar ya juya mata fuskar kowane gwangwani. Umma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tsohuwar kuwa cewa ta yi a bar shi, ai tun da aka gina kicin ɗin bai taɓa yin kyau haka ba.

Hutu? Kar ma a kawo maganar. Sau ɗaya wani manaja ya tilasta masa hutun sati biyu. Rana ta farko ya gyara famfo. Rana ta biyu ya kwance famfon ya sake gyarawa. Rana ta uku ya ce zai ɗan miƙe ƙafa, sai ga shi a kanti da kwando a hannu, wai shi mai saye ne, yana bin layi-layi yana gyara abin da aka ɓata a bayansa. Manajan ya ɗaga hannu sama ya ce ya dawo aiki kawai, tunda hutun wahala yake ba shi.

Amma fa a faɗi gaskiya, gidansa bai taɓa sanin kalmar "ya ƙare" ba. Kowace safiya kafin ya fita sai ya buɗe kabad ɗin kicin, ya yi masa kallo ɗaya, ya rufe. Da yamma zai shigo da leda a hannu, duk inda giɓi yake ya cike shi. Yawancin gwangwanayen da yake kawowa a lotse suke, waɗanda masu saye suka ƙi ɗauka. In Umma ta yi ƙorafi sai ya ce, "Cikinsa lafiya lau, fuskar ce kawai ta lotsa. Ai ni ma a haka kika ɗauke ni." Da wannan aikin ya sa yara biyar a makaranta har suka gama, yana tafiya aiki da ƙafa, yana ɗinke musu jakunkunan makaranta da hannunsa in sun yage. Ko a gadon asibiti bai daina ba. Kwana biyu kafin ya cika, ya jera kwalaben maganinsa a kan ɗan teburin gefen gado, ya kira nas ya nuna mata ɗaya, ya ce a fara da wannan, wa'adinsa ya fi kusa.

To mace mai irin wannan miji, me zai kai ta kanti? Sau ɗaya tak ta taɓa zuwa, a shekarar farko ta aurensu. Ta je ta ga inda maigidanta yake aiki, ta tarar da gwangwanayen madara an gina su sama kamar hasumiya, ta miƙa hannu ta zaro ɗaya daga tsakiya. Ƙarar da aka ji ranar, har masu wucewa a titi sai da suka leƙo. Shi ya gina hasumiyar, tun da safe yake kanta. Ya durƙusa yana tsincewa yana dariya ƙasa-ƙasa, ita kuma ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba. Ta kuwa cika rantsuwarta shekara talatin da biyar.

Duk wannan Auta ta sani, shi ya sa ta tsaya riƙe da ƙugu tana jiran a fara ninke zannuwa. Umma ta dubi falon. Ta dubi kujerar da ta lotsa daidai zamansa, da ƙusar da yake rataya hularsa. A gidan nan ta haifi 'ya'yanta, a nan take so ta tsufa, ba a ɗakin baƙi mai sabon labule ba.

"Kawo biro da takarda," ta ce. "Rubuta duk abin da babu."

Auta ta shiga kicin tana rubutawa tana faɗa da ƙarfi: shinkafa, man girki, gishiri, sabulun wanki, ƙwai, albasa, ashana. Tun rasuwar, yaran ne ke sayo waɗannan in sun zo.

"Sa ganyen shayina," in ji Umma. "Jiya na buɗe kwalin ƙarshe."

Wannan shayin kuwa ba wasa ba ne. Koren kwali ne mai hoton buta, shi take sha tun cikinta na fari, kuma ta yi imani duk wani shayi in ba shi ba ciwon kai yake sa ta. Marigayin ba ya barin jerinsa ya gaza shida a kabad, shi ya sa wata biyar babu wanda ya tuna da shi.

"Zan je da ƙafata, ni kaɗai," Umma ta ce tana ɗaura gyale. "In na dawo da komai, ki kwashe jakunkunanki, kar in sake jin maganar. In abu ɗaya ya rage, na bi ki."

"Ko ɗaya fa, Umma."

"Na ce ko ɗaya. Kurma kika ɗauke ni?"

Tafiyar minti goma ce, amma sai da ta yi ta a ashirin. A bakin kantin ta miƙa hannu za ta tura ƙofa, ƙofar ta buɗe da kanta, ta yi baya da sauri tana salati. Ta ja gyale ta rufe rabin fuska don kar wani ya gane ta. Ta zaɓi kwando mai taya, ta ci sa'a irin tata, ta samu mai karkatacciyar ƙafa, tana tura shi gaba yana janta hagu. Fitilu ko'ina, sanyi kamar cikin firji, layi bayan layi har ba ta ganin ƙarshensu. Ta ce a ranta, shi ke nan, labule ya same ni.

Sai wani abin mamaki ya faru. Shekara da shekaru mutumin nan yana cika mata kunne a wurin cin abinci: yau an zubar da mai a layi na huɗu, wani sakarai ya kai gishiri sama alhali tsofaffi ba sa kaiwa, sabulu ba ya zama kusa da shinkafa don ƙamshi na shiga buhu. Ita kuwa "uhm" kawai take cewa, hankalinta na kan tukunya. Ashe duk ya shige ya zauna! Ƙafafunta suka kai ta layi na huɗu, ga mai. Ta sunkuya ƙasa, ga gishiri. Sabulu can nesa da shinkafa, kamar yadda aka faɗa. A wurin ƙwai ta buɗe kwalin ta juya kowanne da ɗan yatsa, don ta tuna wanda ya fashe mannewa yake yi. Wata mata a gefenta ta gani, ita ma ta kama juya nata. Umma ta gyara tsayuwa, kai ya fara kumbura.

A wurin man girki ne shaiɗan ya raya mata wani abu. Ta san sabon yana can baya, kuma ta san babu mutanen da marigayin ya tsana kamar masu zura hannu ƙurya, "'yan ta'adda" yake kiransu. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta zura hannu ta zaro na bayan. Ta yi taku uku. Ta tsaya. Ta ja tsaki, ta koma ta mayar, ta ɗauki na gaban tana ƙunƙuni: "To, ka ji daɗi. Kana can ma ba ka bar mutum ya sakata ba."

Abu bakwai a kwando, saura ɗaya. Ta shiga layin shayi tana taku ɗaiɗai kamar mai gidan. Ga ja, ga rawaya, ga mai lemo, ga mai citta, ga wanda aka ce yana rage ƙiba. Koren kwali mai hoton buta, babu shi babu alamarsa. Ta bi layin daga sama har ƙasa sau uku. Ta durƙusa har gwiwarta ta yi ƙara. Ta yi tunanin ɗaukar wani koren ta ce an sauya kwali, amma Auta ta san butar nan kamar yadda ta san tafin hannunta. Ko ɗaya, aka ce, kuma ita da bakinta ta faɗa.

"Matar Yaya! Ke ce a kantinmu? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara!"

Mahaucin kantin ne, ya fito daga bayan gilashin nama yana goge hannu. Shekara talatin suna aiki tare da marigayin, Yaya yake kiransa, kuma ya ci abincin Umma ya fi a ƙirga.

"Rufa mini asiri, ka rage murya," ta ce. "Yaya aka yi ka gane ni?"

"Ko buhu kika rufa ai zan gane. Tun shigowarki nake kallon kina kokawa da kwandon nan. Me ake nema?"

Ba ta so tambaya ba, amma babu yadda ta iya. Ta faɗa masa. Mahaucin ya dube ta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya dafa kantar kaya yana dariya har da hawaye.

"Me ye abin dariya? Ƙarewa ya yi?"

"Matar Yaya, shekara goma sha ɗaya ke nan rabon kantin nan da wannan shayin. Manaja na bakwai ne ya soke shi, ya ce mutum ɗaya ne ke saye a duk unguwar. Yaya ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya yi fushi na sati guda. Shi ne kaɗai yaƙin da na ga an ci shi."

"To ina yake samo mini?"

Mahaucin ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya matso kusa, ya turo baki wajen ƙofa. "Kantin bayan tasha."

Tabɗi! Umma ta dafe ƙirji. Kantin bayan tasha shi ne babban kishiyar nasu, kuma a gidan Tsoho-Gaba ko sunansa ba a kamawa, "waɗancan mutanen" ake cewa. A cewarsa ƙwansu na bara ne, albasarsu ta tsiro, ma'aikatansu ba su san gaban gwangwani da bayansa ba. Babban ɗansu ya taɓa shigowa da biskit a ledar waɗancan mutanen, sai da ya sha wa'azin awa guda a tsaye. Ko titin kantin marigayin ba ya bi da iyalinsa, gara ya zagaya.

"Ƙarya kake yi," ta ce.

"Wallahi. Alhamis ta farkon kowane wata, lokacin hutun rana. Ya tuɓe rigar aiki, ya sa baƙin tabarau, ya jawo hula har gira, ya fita ta ƙofar baya kamar ɓarawon kaji. In ya dawo ya juye a ledarmu, ya cusa tasu can ƙasan kwandon shara. Ya sa ni na rantse ba zan faɗa ba, amma ai bai ce har bayan ransa ba."

"Kai, wannan bawan Allah! Ni zai yi wa haka? Shekara goma sha ɗaya ina shan shayin waɗancan mutanen ina yabon kantinku!"

"Zauna ki huta, in je in karɓo miki yanzu."

"A'a. Da ƙafata aka ce." Ta biya kayanta, ta bar masa ajiya, ta fita tana faɗa ita kaɗai a titi.

Rana ta take, hanyar da nisa, ga ƙafa ta fara ciwo. Tana tafe tana shirya irin tijarar da za ta yi masa da yana nan, can kuma sai ta tuna shi da tumbinsa cikin baƙin tabarau yana sanɗa, dariya ta ƙwace mata har wani mai keke ya waigo.

Kantin bayan tasha ƙarami ne a kan nasu, kuma a yi wa marigayi adalci, gwangwanayensu kowanne inda ya ga dama yake kallo. Ta duba layin shayi, babu buta. Ta lallaɓa wurin kashiya mai karɓar kuɗi, wata mata mai jiki da tabarau a kan hanci, ta gaishe ta, ta kwatanta mata kwalin.

Matar ta dube ta ta saman tabarau. "Akwai, Mama, amma ba na kowa ba ne. Wani dattijo muke kawo wa." Ta sunkuya ta ɗago kwali biyar daga ƙarƙashin teburinta, an ɗaure su da roba. "Ma'aikacin wancan babban kantin ne. Shi a zatonsa ba mu gane shi ba, wai ya sa tabarau. Mutumin da duk zuwansa sai ya gyara mana layi biyu yana tsaki! Mu dai muna yin kamar ba mu sani ba, don kar ya ji kunya."

Umma ta haɗiye dariya da ƙyar.

"Matarsa ce ke sha," kashiyar ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Allah ya jiƙanta."

"Ya jiƙan wa?"

"Matar. Ya taɓa ce mini muddin tana numfashi zan gan shi duk farkon wata, ko ana ruwan wuta. To wata biyar ke nan bai zo ba. Na ce shi ke nan, baiwar Allah ta tafi, baƙin ciki ya zaunar da shi. Na so in je can in yi masa gaisuwa, sai na ga zan tona masa asiri a gaban mutanensa. Ban san ta ba, amma wallahi kullum sai na sa ta a addu'a. Macen da namiji zai ajiye girmansa haka saboda ita, ai ba ƙaramar mace ba ce."

Dariyar da ke bakin Umma ta tafi. Wata biyar mutane ke shigowa gidanta suna faɗin abin da ya faru, ita tata amsa "amin" ce da "na gode". Ko sau ɗaya ba ta taɓa furta maganar da bakinta ba. Ta dafa teburin da hannu biyu.

"'Yar nan, ni ce matar."

Kashiyar ta cire tabarau.

"Ban mutu ba. Shi ne ya rasu." Muryarta ta karye a tsakiya. "Mijina ne ya rasu."

"Wayyo Allah! Wayyo Mama!" Matar ta zagayo da gudu ta rungume ta, ta jawo kujerarta ta zaunar da ita. Umma ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi, a kantin waɗancan mutanen, a gaban layin masu jiran biya, kuma ko a jikinta. Kewarsa ce ta taso mata gaba ɗaya, har da tsakinsa da surutunsa na wurin cin abinci. Kashiyar ma kuka take, tana cewa a yafe mata, wata biyar tana binne mace da ranta. Wannan ya sa Umma dariya cikin hawaye, har ta sarƙe, aka kawo mata ruwa.

Da ta natsu, kashiyar ta ɗora mata kwalayen a cinya.

"Mama, manajanmu ya ce waɗannan ne na ƙarshe. Tunda mai sayen ya daina zuwa, za a daina kawowa. Me zan ce masa?"

Umma ta share fuska da bakin gyale, ta riƙe kwalayen da kyau.

"Ki ce masa ya ci gaba. Alhamis ta farkon wata za ki gan ni."

"Ke da kanki? Ba aike za ki yi ba?"

"Da ƙafata," in ji Umma. "Gidana na nan, kuma babu inda za ni."